Fassarar Kawu

Har yau in na wuce shagon masu cajin waya, hayaƙin ƙaramin janareta ya bugi hancina, sai in ji tafiyata ta ragu. Warin nan na fetur da ya gauraya da baƙin mai, wanda kowa ke toshe hanci ya wuce, ni zauren kawuna yake mayar da ni, a wani ƙauye da ke tsakanin Unguwar Lalle da bakin iyaka. Ba zan faɗa maka sunan ƙauyen ba. Ko na faɗa babu abin da za ka yi da shi, domin yau ba mai kwana a cikinsa. Abin da nake so in faɗa maka shi ne yadda ni, da hannuna, da karatuna da nake taƙama da shi, na raba tsohon nan da abu guda da masu bindiga suka bar masa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma a gidansa na tashi. Manomi ne da damina, ɗan kasuwa da rani. In an gama yankan gero sai ya ɗaure kaya, wake da tabarmi da barkono, ya tsallaka Nijar, ya dawo da kanwa da dabino da yadi. Wannan zirga-zirgar ta sa ya tsinci Faransanci, amma irin na bakin kasuwa da na gaban jandarma: gaisuwa, roƙo, rantsuwa, da zagi guda biyu da yake ajiyewa don jakinsa. A ƙauyenmu wannan ya isa a ce mutum ya ji harshen Nasara. Shi kuma bai taɓa gyara wa kowa wannan zato ba, don Kawu mutum ne mai son a saurare shi, kuma Allah ya ba shi bakin da za a saurara.

Wata shekara, ina ɗan shekara tara ko goma, ya dawo daga tafiya da kaya lulluɓe da bargo a kan amalanke. Da aka kware sai ga talabijin, ga na'urar bidiyo, ga janareta ɗan ƙarami mai tari kamar tsohon da ya sha taba. Kaset uku ya zo da su. Biyu na faɗa ne, ba sa bukatar bayani, wanda ya faɗi shi aka kayar. Na ukun kuwa babu ko takarda a jikinsa, wani ne ya kwafo shi daga wani wanda shi ma kwafowa ya yi. Fim ne na 'yan sama jannati, irin wanda yanzu na san ana ce masa almarar kimiyya, kuma da Faransanci mutanen ciki suke magana.

Bayan la'asar ake kallo, don Liman ya ce kada a kuskura abin ya kai magariba. Sai a rataya tabarmi a ƙofar zaure a toshe haske, a tayar da janareta a bayan katanga, mutane su cika ɗaki har gumin wani na ɗiga a kan wani. Hoton ba shi da kyau ko kaɗan. Wani farin layi yakan taso daga ƙasa ya haura sama, fuskokin mutane su yi kore, wani lokaci kumbon da suke ciki ya ɓace ɗungurungum sai ƙara kawai. Kawu yana zaune a gefen talabijin kan turmi da aka kifa, da guntun karan dawa a hannunsa yana nuni. Duk abin da Baturen ciki ya ce, Kawu zai juyo ya faɗa mana da Hausa. In Bature ya yi jimla ɗaya, Kawu ya yi biyar. Babu wanda ya taɓa tambayar dalili.

Abin da ido ke iya gani kaɗan ne. Wasu mutane ne cikin tufafi masu ƙyalli, sun bar wata ƙasa da ta bushe ta tsattsage, sun shiga kumbo suna tafiya cikin duhu. A tsakiyar kumbon akwai wata babbar kwalba ta gilashi cike da ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, kuma kullum akwai mai gadinta. Tafiya ta yi tsawo, guzuri ya ƙare, mutanen suka rame, har suna faɗa a kan ɗan abin da ya rage. Amma ko sau ɗaya babu wanda ya buɗe kwalbar. A kallon farko Kawu ya ce magani ne. A na biyu ya ce zinariya ce. Maza suka karɓa, don maza in dai ana harbi ba su da matsala da sauran bayani.

Ranar da aka shigar da talabijin cikin gida don mata su gani ne magana ta canja. Kakata, mahaifiyar Kawu, ita ce a gaba, ta miƙe ƙafafu, tana taunar goro da ragowar haƙoranta. Tsohuwar nan ta ga yunwa da idonta tun tana budurwa, irin wadda aka tona gidan tururuwa ana neman hatsi, kuma ba ta yarda a zubar da ko ƙanzo a gabanta. Da aka zo wurin da mutanen suka rame, Kawu ya ce zinariya, sai ta ɗaga hannu.

"Kai, tsaya. Zinariyar mi? Wa ka gadin zinariya da yunwa cikinai? Iri na. Duk wanda yaj ji yunwa irin wagga, ga ƙwaya gabanai bai taɓa ba, manomi na, iri yaka tsaro."

Kawu ya dubi talabijin, ya dubi uwarsa, ya gyara zama a kan turmi.

"Ai abin da nika shirin hwaɗi ke nan, Inna, kin riga ni."

Mata suka yi dariya, don sun san shi. Amma daga ranar labarin ya zauna daram, kuma duk wanda ya sake kallo sai ya ga lallai hakan ne, ba ma yadda za a yi ya zama wani abu daban. Mutanen kumbo manoma ne da fari ya kora daga garinsu. Sun ɗauki irin geron kakanninsu sun tafi neman inda ruwa ke sauka. Mai gemun nan da ke ba da umarni shi ne sarkin noma. Matar da ke yawan kuka ta bar uwarta a gida. Dogon da ya yi yunƙurin taɓa kwalba aka harbe shi, ɓarawon iri ne, kuma a zaurenmu babu wanda ya ji tausayinsa. Tsofaffin da a da suke cewa kallon talabijin aikin banza ne suka fara zuwa da buzunsu. Na ga wani dattijo yana share hawaye da bakin rawaninsa, yana cewa Allah ya kai bayin nan nasa lafiya.

Ƙarshen fim ɗin kuwa babu wanda ya taɓa ganinsa. Daidai lokacin da kumbo ya hango wata duniya shuɗiya, mai gemu ya ɗora hannu a kan murfin kwalba, sai hoto ya yanke, kokawar gargajiya ta gidan talabijin ɗin Nijar ta faɗo, da makaɗa da 'yan kallo. Wanda ya kwafi kaset ɗin ne ya ɗora wani abu a kai. Nan Kawu zai tashi ya kashe na'ura, a ɗaga tabarmi iska ta shigo, shi kuma ya ƙarasa mana da baki. Sun sauka, sun tarar da ƙasa mai laushi, sun yi shuka, gero ya yi kai har yana rusunawa. Da suka yanke, ba su zauna can ba. Suka cika kumbo da dammuna suka juyo gida, suka tarar an yi ruwa, waɗanda suka bari suna bakin gari suna jiransu. Kullum sai ya ƙara wani abu, yau an haifi yaro a hanya, gobe sarkin noma ya yi sabon aure, amma komawa gida ba ta taɓa canjawa ba.

Shekara uku ko huɗu muka yi da kaset ɗin kafin na'ura ta tauna shi. Kawu ya yi ta liƙi da ƙaro har ya haƙura. Daga baya janareta ya mutu, talabijin ta zama wurin ajiye fitila. Amma labarin bai mutu ba, don dama rabinsa ba a cikin kaset yake ba. Ni aka kai ni makaranta Sabon Birni, daga nan Sakkwato, na zama malamin makaranta, na koyi yi wa mutanen ƙauye murmushin nan na wanda ya san abin da ba su sani ba. Kakata ta rasu a ɗakinta, aka rufe ta a maƙabartar garinmu. Yau in na tuna, sai in ce ita ce mai sa'ar cikinmu.

Abin da ya faru da yankinmu ba sai na ba ka labari ba, kana ji a rediyo, ko da yake rediyo ba ya faɗin yadda gari ke mutuwa a hankali. Da farko shanu aka kora. Sannan gonar nesa ta gagara zuwa, sannan ta kusa. Daga baya aka wayi gari mutane suka ɗauki abin da kai zai iya ɗauka suka fita. Kawu da iyalinsa da wasu gidaje huɗu na ƙauyenmu suka sauka a Isa, a wani kangon gida da ba a gama gininsa ba, na wani ɗan kasuwa da suka saba tun zamanin tafiye-tafiye. Mutumin da ke da rumbu uku ya koma ana auno masa hatsi a roba. Bai fito da gado ba, bai fito da buhu ba. Abin da ya rungumo a ƙirjinsa har Isa shi ne ɗan ƙaramin dami na zangarniyar gero, irin gidanmu, mai dogon kai, wanda tun zamanin kakanni ake zaɓe a gona ana ware shi kafin a kai sauran rumbu.

Iri ba ya son dogon zama, in ya shekara biyu uku a rataye sai ya mutu. Don haka duk damina Kawu yakan sami wani ɗan fili a bayan kangon, tsakanin katanga da kwata, wanda bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, ya shuka. Ya kore awaki, ya kore yara, ya ɗaure tsumma don tsuntsaye. In ya nuna ya yanke, ya zaɓi masu kyau, ya ɗaure, ya rataye a jikin azara a saman inda yake kwana. Ko ranar da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, matarsa ba ta isa ta kalli wurin ba. Damina uku yana haka. Kuma da la'asar, a gindin wata darbejiya da ke ƙofar kangon, yakan zauna yara su kewaye shi, manya su ɗan matso kamar inuwa suke nema, ya ba su labarin mutanen kumbo. Babu talabijin, babu kara a hannu, amma labarin ya fi da armashi, don yanzu masu saurare sun san mene ne barin gari. In ya kai wurin da aka juyo gida, sai ka ji wata tsohuwa ta ce amin a hankali.

Ni ina Sakkwato ina aika abin da ya sawwaƙa, ina jin na sauke nauyi. Wata rana a makaranta hira ta kawo mu kan fina-finai, na ba wani matashin malami labarin kumbo da kwalba. Yaron nan ɗan zamani ne, bai ɗauki lokaci ba ya gano fim ɗin. Ya ce mini ai tsoho ne ƙwarai, amma an sake yin sa sabo, da kayan aiki na yanzu, kuma har masu fassara sun sa masa Hausa. Ya zuba mini shi a kwamfutata. Ya ƙara da cewa ai haka ya kamata a yi wa duk tsofaffin nan, a wanke su a sabunta su, don mutanen yanzu ba za su iya kallon hoto mai hazo da kumbon kwali ba. Na ce masa gaskiya ne. Na ji daɗi har cikin raina, na ce in hutu ya zo zan kai wa Kawu, ya ga ƙarshen abin da ya shekara talatin yana ƙarasawa da baki.

Ban kalla ba kafin in tafi. Wannan ita ce wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta. Wai so nake mu gani tare, kamar da. In kuma zan faɗi gaskiya duka, so nake a ce ɗan 'yar'uwarsa malami ya zo da abin mamaki daga birni. Na hau motar Isa da kwamfuta a cinya, ina riƙe da ita kamar jinjiri, ina ta murmushi ni kaɗai.

Da na faɗa wa Kawu, fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Ya aika aka sanar da gidajen nan huɗu. Ya sa matarsa ta fito masa da rigarsa ɗaya mai kyau, ya yi wanka, ya nemo guntun kara. Bayan la'asar aka taru a babban ɗakin da ba a sa wa ƙyaure ba, aka rataya zane a taga. Mata a baya, yara a gaba, samari a jikin bango. Na ɗora kwamfuta a kan bokiti. Kawu ya zo ya zauna a gefenta, ya fuskanci jama'a, ya yi gyaran murya.

Hoton ya fito tas, har kana ganin gashin hancin mutum. Yara suka matso kusa. Ga ƙasar da ta tsattsage, ga kumbo, ga kwalba, ga mai gemu, duk suna nan. Mai gemu ya buɗe baki, Kawu ya ɗaga kara ya ja numfashi zai fassara, sai muryar wani saurayi ta fito daga cikin kwamfuta da Hausar Kano, ta riga shi. Kawu ya tsaya da bakinsa a buɗe. Ya jira ta gama, ya sake yunƙurawa, ta sake riga shi. Wani yaro ya ce, "Baba, yi shiru mu ji." A hankali ya sauke karan ya ɗora a cinya. A lokacin ya kamata in rufe abin nan in ce batir ya ƙare, amma ban yi ba, na ce a raina bari dai a kai ƙarshe, zai ji daɗin ƙarshen.

Ba a yi nisa ba mai gemu ya tara mutanensa a gaban kwalba ya yi musu bayani, muryar Hausa kuma ta faɗa dalla-dalla, ba ta bar wa kowa wurin shakka ba. Abin da ke cikin kwalbar guba ne. Duniyar da za su je tana da mutanenta. Za a watsa ƙwayoyin daga sama, duk mai numfashi ya mutu, sannan su sauka su gaji ƙasar. Dogon nan da muka shekara talatin muna tsine wa, wanda muka ce ɓarawon iri ne, shi kaɗai ne a cikinsu ya ce wannan zalunci ne, ya so ya fasa kwalbar, shi ya sa suka harbe shi.

Sannan aka nuna wurin da kokawa ta rufe mana a da. Aka nuna mutanen waccan duniyar, wasu ƙananan halittu masu gidaje zagayayyu na laka, da dabbobinsu, da gonakinsu. Aka nuna su suna ɗaga kai suna kallon abin da ke saukowa. Aka nuna su suna gudu da 'ya'ya a hannu, wani ya koma ɗauko tsohuwarsa, wata ta faɗi an tattake ta. Masu yin fim ɗin sun iya aikinsu, ba su rage komai ba. A ɗakin nan kuwa babu mutum guda da bai yi irin wannan gudun da ƙafarsa ba. Wata mata da ta rasa mijinta a hanyar fitowa ta miƙe, ta ja 'ya'yanta biyu ta fita. Wata ta bi ta. Tsohuwar da ke cewa amin ta ja mayafi ta rufe fuska.

Samari ne suka fara magana, kuma ban ga laifinsu sosai ba, dariya ce kawai abin da ya rage musu na kare kai. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, ashe 'yan ta'adda munka yi shekaru muna yi ma addu'a? Ina geron?" Sauran suka kwashe. Kawu ya ajiye karansa. Ya dafa bango ya miƙe, ya bi ta tsakiyar yara ya fita, rigarsa mai kyau tana jan ƙasa. Karan ya bar shi nan kan tabarma.

Na same shi a bayan kango, wurin ɗan filinsa, yana tsaye yana kallon busassun kututturen bara. Na fara kame-kame, na ce ai sabon ne suka ɓata, na da ba haka yake ba, Turawan yanzu ba su da aiki sai lalata abin mutane. Ya bar ni na gama.

"Ɗana, bari. Na san ban jin abin da suka cewa, tun can na sani. Amma wallahi ban san ƙarya nika yi ba. Na ɗauka abin da Inna tag gani shi na."

Daga baya, da na koma Sakkwato, na sa aka nemo mini tsohon na kalla da fassarar Turanci a ƙasa, ina fatan in sami abin da zan wanke shi da shi. Labarin ɗaya ne. Guba ce tun asali. Masu sabuntawa ba su yi wa kowa ƙarya ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai, don ban sami wanda zan zaga ba sai kaina. Tsohon fim ɗin, da hazonsa da yankakken ƙarshensa da harshen da ba mu ji, ya bar mana fili, mu kuma muka shuka abin da muka sani a ciki. Sabon bai bar ko taki ɗaya ba. Ya zo da haskensa da Hausarsa ya faɗi komai, ya nuna komai, ya tashi mutum daga kan turminsa.

Amma kafin in bar Isa abin da ya fi wannan ya faru. Kwana biyu Kawu bai zauna gindin darbejiya ba. Yaran ma ba su neme shi ba, suna bina suna roƙon in sake kunna musu wurin da ake watsa guba. A rana ta uku da hantsi, ina ɗaure jakata, na gan shi ya taka bokiti ya miƙa hannu saman azara. Ya kwance damin, ya kakkaɓe shi, ya miƙa wa matarsa. Ita kuwa ta ƙi karɓa, ta tsaya tana kallonsa.

Na ce, "Kawu, iri na hwa."

Ya ce, "Hatsi na. Yara na jin yunwa, a sussuke a yi musu kunu."

Na roƙe shi. Na ce zan sayo buhu yanzu a kasuwa, na ce ya ba ni in tafi da shi in ajiye. Bai ɗaga murya ba, bai ma dube ni ba, ya ce wa matarsa ta yi abin da ya ce. Ta zauna ta sussuke tana hawaye, ta sheƙe, ta surfa, ta daka. Duka-duka bai cika ƙwarya ba. Aka dama kunu, aka raba wa yara a kofuna, aka miƙo mini nawa don ni baƙo ne. Na sha, saboda ban san yadda zan ƙi ba a gabansa. Ga shi kuwa kunun ya yi daɗi, garɗin geron gidanmu ne sak.

Yanzu in na ji ana gardama kan ko ya dace a riƙa sake yin tsofaffin fina-finan nan don mutanen zamani, ba na hana kowa ra'ayinsa. Su yi, kayansu ne, kuma na san yaranmu sabon suke so. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake faɗin maganar kamar tsohon abu kango ne da ba kowa a ciki, sai a rushe a gina mai kyau. Ba wanda ke tambaya ko akwai waɗanda suka shiga suka zauna a ciki, suka rataya kayansu. Ni da na san akwai, ni na kai musu mai rushewa har ɗaki, na kuma ɗora shi a kan bokiti.

Kawu yana nan da rai a Isa. Yana sallah, yana cin abin da aka ba shi, in ka gaishe shi ya amsa. Matarsa ta ce mini da aka yi ruwan shuka na bana bai ko leƙa waje ba, filin bayan kango kuma wata maƙwabciya ta zuba kuɓewa a ciki. Na bi kasuwar Isa rumfa-rumfa, na aika Sabon Birni, na sa an tambaya har Kamarawa, ko akwai wanda ya taɓa karɓar irin nan a hannunmu ya ajiye. Kowa sai ya nuno mini na buhu, wanda ake kawowa daga nesa. Ko gobe aka ce hanya ta buɗe kowa ya koma gonarsa, ban san abin da za mu shuka ba.